BULAƘ: UNGUWAR DA KOGIN NILU YA HAIFA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure, ko ya saba leƙa shagunan masu sayar da littattafan Larabci a kasuwar Kurmi ta Kano, ya san darajar da ake bai wa littafi idan an ce bugun Misira ne. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa tushen wannan daraja yana cikin wata unguwa guda ta birnin Alƙahira, wadda ke kwance a gaɓar gabas ta kogin Nilu, ana kiran ta Bulaƙ. A wannan fitowa mun ga ya dace mu kai mai karatu wannan unguwa, domin tarihinta ya shafe mu ta fuska biyu. Na farko, a nan sana'ar ɗab'i ta kafu a ƙasar Masar. Na biyu kuwa, abin da ya sami mazaunanta darasi ne ga duk mai riƙe da alƙalami.

Kogi ya ba ta rai, kogi ya ba ta arziki, kuma a ƙarshe son kallon kogin nan ne ya sa aka fara tashin mutanenta daga gidajen kakanninsu. Ga yadda abin ya faru.

Ƙasar da kogi ya yi kyauta

Lokacin da Fatimawa suka kafa Alƙahira cikin shekarar 969, babu Bulaƙ, domin kuwa wurin da take a yau ruwa ne tsundum. A zamanin nan kogin Nilu ya fi matsowa gabas, kuma matsayar jiragen ruwa ta birnin tana wani wuri ne da ake kira Maƙs, kusa da inda babbar tashar jirgin ƙasa ta Ramsis take a yanzu. To amma shi kogi ba ya zama wuri guda. Kowace shekara idan ya yi ambaliya sai ya kwaso laka da rairayi daga tsaunukan Habasha ya jibge, da haka ya riƙa ja da baya yana komawa yamma.

Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, wanda ya rasu a shekarar 1442, ya kawo labarin wani jirgi mai suna Giwa da ya nutse a wannan yanki a ƙarshen mulkin Fatimawa. Rairayi ya yi ta taruwa a jikin gawar jirgin har wurin ya zama tsibiri, aka sa masa suna Tsibirin Giwa. Sannu a hankali ruwan da ke tsakanin irin waɗannan tudun rairayi da gaɓa ya ƙafe, matsayar Maƙs ta cushe, sabuwar ƙasa ta bayyana. Wajen shekarar 1313, a zamanin Sarki Nasir Muhammadu ɗan Ƙalawun, aka yi shela cewa jama'a su je su yi gini a wannan sabon fili. Manyan fada da attajirai suka gina gidajen shan iska da lambuna, talakawa suka bi bayansu. Ashe ke nan, lokacin da Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta zuwa Makka, Bulaƙ jaririya ce da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya da yanke cibi ba.

Ƙofar Alƙahira

Abin da ya mai da wurin shan iska ya zama babbar matsaya shi ne canjin hanyar fatauci. A da, kayan yaji na Indiya, irin su masoro da citta da kirfa, a wata matsaya ta kudu mai suna Aizab ake sauke su a bakin Bahar Maliya, raƙuma su ratsa hamada da su zuwa garin Ƙus, daga nan su biyo kogi su gangaro tsohon birnin Fusɗaɗ da ke kudancin Alƙahira. Cikin ƙarni na 15 sai hanyar ta koma arewa. Sarki Barsbai, wanda ya yi mulki daga 1422 zuwa 1438, ya ƙwace cinikin yaji ya mai da shi na fada, kaya suka riƙa biyowa ta Jidda da Ɗur su shigo Alƙahira a kan raƙuma. Daga nan kuma sai a nemi matsaya mafi kusa da za a yi lodinsu zuwa Iskandariyya, inda fataken Banis na ƙasar Italiya ke jira. Wannan matsaya ita ce Bulaƙ. Har ila yau, daga nan ne jiragen yaƙin Barsbai suka tashi zuwa tsibirin Ƙubrus, wanda suka ci a 1426 suka zo da sarkinsa a ɗaure.

Allah ya yi wa Nilu wata baiwa da ta sauƙaƙa wannan zirga-zirga. Ruwansa daga kudu yake gangarowa arewa, iska kuma mafi yawan shekara daga arewa take kaɗawa zuwa kudu. Mai gangarawa sai ya bar ruwa ya tafi da shi, mai hawa kuma ya buɗe filafilan jirginsa iska ta tura shi. Saboda haka dare da rana bakin ruwan Bulaƙ bai rabu da jirage ba: alkama da wake daga ƙauyuka, shinkafa daga Dimyaɗ da Rashid, katako daga ƙasashen Sham da Turkiyya, ga sukari, ga mai, ga zaren kitani.

Ginin da ya fi bayyana halin unguwar a wancan zamani shi ne wanda suke kira wakala. Gida ne makeke mai fili a tsakiya da ƙofa guda wadda ake kullewa da dare. Ɗakunan ƙasa na ajiyar kaya ne da ciniki, na sama kuma masaukin baƙin fatake. Duk wanda ya san aikin fatoma a zangunan fataken goro na Gwanja ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai su nasu da dutse aka gina, kuma yawanci waƙafi ne, kuɗin hayarsa ke riƙe da masallaci ko makaranta. Daga cikin masallatan da arzikin kogi ya gina akwai na Alƙali Yahaya na wajen 1448, da na Abul Ila na wajen 1485, wanda wani attajiri ya gina domin wani shehi da ya zauna a wurin. Don haka ne har gobe ake kiran unguwar Bulaƙ Abul Ila.

Zuwan Turkawa a 1517 bai rage ta da komai ba, sai ma ƙaruwa da ta yi, domin yanzu fuskar Masar ta koma duban Istambul, kuma duk mai zuwa can ta Bulaƙ zai bi. Gwamna Sinan Basha ya gina masallacinsa mai babbar ƙubba a 1571, tare da wakaloli da gidan wanka. Da cinikin yaji ya ja baya, sai gahawar Yaman ta maye gurbinsa, ta riƙe attajiran Alƙahira cikin ƙarni na 17 da na 18. A duk tsawon wannan lokaci Bulaƙ gari ne mai zaman kansa, akwai gonaki da fili tsakaninta da ganuwar Alƙahira, mutum sai ya hau jaki kafin ya kai.

Ranar da Bulaƙ ta ci wuta

Mutanen matsaya, wato 'yan dako da matuƙa da masassaƙan jirage da masu matsar mai, ba a san su da sanyin hali ba. Faransawa sun ɗanɗana wannan. Nafoliyon ya mamaye Masar a 1798, ya koma gida a shekara mai zuwa ya bar Janar Kilebar. Cikin watan Maris na 1800 mutanen Alƙahira suka yi bore karo na biyu, kuma a Bulaƙ wutar ta fi ruruwa, a ƙarƙashin jagorancin Alhaji Mustafa Bashtili. Suka tare hanyoyi, suka afka wa rumbunan abincin sojan Faransa da ke bakin ruwa, da sanduna da tsofaffin bindigogi.

A tsakiyar Afrilu Kilebar ya juyo da igwa kan unguwar. Sojoji suka kutsa, suka kashe na kashewa, suka washe wakaloli, suka cinna wa gidaje wuta. Masanin tarihi Jabarti, wanda yake raye a birnin a lokacin, ya rubuta yadda gawarwaki suka cika hanyoyi, da kuma yadda Faransawa suka miƙa Bashtili ga mabiyansa suka tilasta musu su kashe shi da duka. Shi ma Kilebar bai daɗe ba, domin cikin watan Yuni na wannan shekara wani ɗalibi mutumin Halab mai suna Sulaiman ya soke shi har lahira. Faransawa sun fice a 1801, suka bar miƙaƙƙiyar hanyar da suka shata daga Bulaƙ zuwa Azbakiyya, wadda ita ce asalin titin da ake kira 26 ga Yuli a yau. Injin ɗab'in da suka zo da shi kuwa, da shi suka koma.

Gidan ɗab'i

Muhammadu Ali Basha, wanda ya hau mulki a 1805, shi ya tayar da unguwar daga toka, amma da wata sabuwar kama. Ya cika ta da masaƙu da maƙeru da ma'aikatar ƙera jirage. Lokacin da yake shirin yaƙinsa na Hijaz, wanda aka fara a 1811, a Bulaƙ aka sassaƙa jiragen, aka ɗora su gunduwa-gunduwa a kan raƙuma zuwa Suwes, aka harhaɗa su a can. A 1834 kuma aka mai da makarantar injiniyoyi unguwar.

To amma cikin dukkan ayyukansa, wanda ya fi shafar mu marubuta shi ne maɗaba'a. A 1815 ya aika wani saurayi ɗan asalin Sham mai suna Niƙola Masabiki zuwa birnin Milan na Italiya domin ya koyo zuba haruffa da sarrafa injin. An aza harsashin maɗaba'ar a 1820, littafinta na farko kuma ya fito a 1822, wato ƙamus na Italiyanci da Larabci. Kada mai karatu ya zaci son adabi ne ya sa Basha ya yi wannan ɗawainiya. Soja yake ginawa, kuma soja na bukatar littattafan horo da na likitanci da na lissafi. Daga 1822 zuwa 1842 an lissafa littattafai 243 da maɗaba'ar ta fitar, da yawansu fassara ce daga harsunan Turai, wasu da Larabci, wasu da Turkanci. A 1828 aka fara buga jaridar gwamnati mai suna Waƙa'i'ul Misriyya.

Sai dai wanda ya haƙa rijiya ba shi ke zaɓen masu shan ruwanta ba. A 1834 aka buga labarin tafiyar Rifa'atu Ɗahɗawi zuwa birnin Faris. A 1835 aka fitar da Alfu Laila wa Laila cikin juzu'i biyu, bugun da ya zama uwa ga mafi yawan waɗanda suka biyo baya. Wannan taska ce muka sani da suna Dare Dubu da Ɗaya, kuma tana cikin rijiyoyin da Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo ruwa da ya zo rubuta Magana Jari Ce. Daga nan ƙofa ta buɗe wa manyan littattafan magabata, waɗanda a da sai mai hali ke iya biyan marubuci ya kwafa masa da hannu: Muƙaddimar Ibn Khaldun a 1857, Kitabul Agani cikin juzu'i 20 a 1868, ƙamus ɗin Lisanul Arab shi ma juzu'i 20 cikin shekarun 1880, da Sahihul Bukhari bugun da Sarkin Musulmin Turkiyya Abdulhamid na Biyu ya yi umurni da shi cikin shekarun 1890. A maɗaba'ar nan ce kuma aka tsara haruffan Alƙur'anin da ya fito a 1924 a zamanin Sarki Fu'ad, bisa ruwayar Hafsu, wanda ya zama abin koyi a ƙasashen Musulmi da yawa, har ya shigo mana nan inda aka saba da Warshu.

Me ya sa bugun Bulaƙ ya yi suna haka? Ba kyan takarda ba ne, domin sau da yawa takardar ja-ja ce, rubutun kuma a cushe, sharhi na kewaye da matani. Sirrin yana wajen wasu bayin Allah da ake kira masu gyara. Malamai ne, yawancinsu daga Azhar, irin su Shehu Nasrul Hurini da Shehu Muhammadu Ƙuɗɗa Adawi, waɗanda aikinsu shi ne su tara kwafe-kwafen littafi na hannu, su gwama wannan da wancan, su bi shafi harafi bayan harafi kafin a sa shi a inji. A ƙarshen littafi akan rubuta sunan mai gyara, watau ya ɗauki alhakin duk kuskuren da ya tsallake. Mu da muke kai rubutunmu maɗaba'a ba tare da wani ya duba mana ko da ƙa'idojin rubutu ba, ya kamata mu tsaya mu yi tunani a nan.

Akwai wani abin sha'awa kuma. A 1853 maɗaba'ar ta buga littafin Khiɗaɗ na Maƙrizi, wanda ya bi unguwannin Alƙahira lungu-lungu yana ba da tarihinsu. A cikinsa ne labarin Tsibirin Giwa da shelar 1313 suke. Wato dai unguwar ta buga takardar haihuwarta da hannunta, shekara 400 da 'yan kai bayan rasuwar wanda ya rubuta.

Da jirgin ƙasa ya zo

Abin da igwar Kilebar ta kasa yi, dogo ya yi shi cikin ruwan sanyi. A 1856 aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa tsakanin Iskandariyya da Alƙahira, a 1869 kuma aka buɗe mashigin Suwes. Fatake suka daina jiran iska, wakaloli suka zama kango ko ɗakunan haya. Kogin ma ya nuna cewa ba a raina shi: gidan kayan tarihin Fir'aunoni da Bafaranshe Mariyet ya buɗe a bakin ruwan Bulaƙ a 1863, ambaliyar 1878 ta yi masa mummunar ɓarna, har ta kai aka kwashe kayan zuwa Giza, daga baya kuma zuwa dandalin da ake kira Tahrir a yau, a 1902.

Masu kuɗi suka tashi, wasu suka haye tsibirin da ke fuskantar unguwar, wanda a da ake kira Tsibirin Bulaƙ, yanzu kuwa Zamalik. A 1912 aka buɗe gadar ƙarfe ta Abul Ila wadda ta haɗa gaɓoɓin biyu, amma ba ta haɗa rayuwarsu ba. Bulaƙ ta zama unguwar ma'aikatan gyaran jirgin ƙasa da maƙera da 'yan ci-rani daga ƙauyukan kudu da na arewa. Lungunanta matsattsu ne, iyali guda a ɗaki guda, bene yana duban bene. Mutanenta suna alfahari da sunan da Misirawa ke ba irinsu, wato ɗan gari: mai kara, mai barkwanci, mai shiga faɗan da ba nasa ba don ya raba, wanda ba ya barin maƙwabci ya kwana da yunwa. Tsohuwar Wakalar Dabino, inda a da jirage ke sauke dabinon kudu, ta rikiɗe ta zama babbar kasuwar gwanjo da yadudduka, inda talaka da mai hali ke gogayyar kafaɗa.

Da kogi ya zama abin kallo

Cikin shekarun 1950 aka shimfiɗa babban titi a bakin ruwa, wanda ya shiga tsakanin unguwar da koginta. A 1960 aka buɗe gidan talabijin na Masfero, mai ɗauke da sunan Bafaranshen da ya gaji Mariyet. Da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970, ambaliya ta zama labari, bakin kogi ya zama wurin da ya fi ko'ina tsada a birnin. A da darajar Nilu ita ce abin da yake ɗaukowa, don haka ana bukatar ɗan dako kusa da shi. Yanzu darajarsa ita ce a hango shi ta tagar otal, ɗan dako kuwa ya zama mai tare wa baƙi gani.

Maɗaba'ar ta ƙaura zuwa Imbaba cikin shekarun 1970, wasu daga tsofaffin injinanta kuma yanzu a ɗakin karatu na Iskandariyya ake nuna su. Bayan tarzomar tsadar burodi ta Janairun 1977, gwamnatin Anwar Sadat ta ƙara matsa lamba a kan tsofaffin unguwannin tsakiyar birni. Tsakanin 1979 da 1981 aka kwashe iyalai kimanin 5,000 daga Bulaƙ zuwa gidajen gwamnati a Zawiyatul Hamra da Ain Shams, da sunan za a ƙawata fuskar Alƙahira. Filin Turguman da aka tashe su a kai ya daɗe yana zaman wurin ajiye motoci kafin ya zama tashar manyan motocin safa. A 1998 aka kwance gadar Abul Ila. A 2018 kuma aka rushe yankin da ake kira Kusurwar Masfero, mai faɗin hekta 30 ko kusa da haka, inda iyalai fiye da 4,000 ke zaune. Wasu suka karɓi diyya, wasu aka kai su rukunin gidaje na Asmarat, wasu suka zaɓi su jira a ba su ɗaki a sababbin benayen da aka gina a wurin.

Adalci ne mu faɗi cewa da yawa daga gidajen nan sun tsufa ƙwarai, wasu ma rufta wa mazaunansu suke yi, kuma hukuma na da hujjarta. Amma unguwa ba tubali ba ce kawai. Mai shagon da ke ba ka bashi, da tsohuwar da ke duba maka yara, da masallacin da aka ɗaura auren iyayenka, babu motar da ke iya kwashe su ta sauke a wani wuri yadda suke.

Kammalawa

Yau masallacin Sinan Basha da na Abul Ila suna nan tsaye, dogayen benaye sun yi musu rumfa. Abin da muka sani game da haihuwar Bulaƙ, Maƙrizi ne ya ajiye mana. Abin da muka sani game da ƙonewarta, Jabarti ne. Zamaninta na wakaloli kuwa, malama Nelli Hanna ta tono shi daga takardun waƙafi da na kotunan shari'a, ta fitar da littafi a 1983. Ba don waɗannan ba, da wa zai gaya wa mai shan shayi a saman otal cewa ƙarƙashin ƙafarsa jirage sun taɓa yin lodin masoro?

Mu ma muna da namu unguwannin bakin ruwa: Kabala a Kaduna, Wadata a Makurɗi, Gamkalle a Yamai, da tsofaffin matsayun Lakwaja da Jimeta, inda jiragen kamfani suka yi ta lodin gyaɗa da auduga kafin mota ta karɓe musu aiki. Tsofaffin da suka ga wannan zamani suna ƙarewa, filayen kuma idon masu kuɗi na kansu. Muna kira ga 'yan ƙungiya, musamman masu tasowa da ke kukan rashin abin rubutawa, da kowa ya ɗauki littafi da biro ya shiga unguwarsu. A tambayi wa ya fara zama, daga ina ya zo, me ake saukewa a bakin ruwa, wace shekara ruwa ya ci gari, me ya sa aka sa wa lungu kaza suna kaza. A rubuta, a ba wani ya gyara, sannan a kawo mu buga. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an sami wanda ya adana ta. Allah ya ba mu ikon yi.